Na ga shatin yatsu a damtsensa, shugabata ta ce kada in cike fom

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan aiki. Ina aiki a wani gidan kula da manya masu larurar ƙwaƙwalwa da ake tasowa da ita tun ƙuruciya. Akwai wani bawan Allah a cikinsu da ba ya magana, sai dai ya kama hannunka ya kai ka wurin abin da yake so. Da safe ina taya shi canza riga, sai na ga jini ya kwanta a damtsensa ta ciki, wuri huɗu a jere, ɗaya kuma ta baya. Da na kai hannu sai ya janye, ya juya fuskarsa bango, abin da bai saba yi mini ba. Na gaya wa shugabar duti, ta ce in rubuta a littafin aikin yau da kullum ya wadatar, wai yakan bugi ƙofa. Ta ƙara da cewa in na cike fom ɗin rahoto za a dakatar da wanda ya yi aikin dare, ga shi da iyali. Ni dai ban ga kowa ya taɓa shi ba. Shin wajibi ne in kai rahoton abin da ban gani da idona ba?

Sista Rabi:
Wa alaikumus salam. Maman Ilham, ai kin gani da idonki. Kin ga ciwon, kin ga yadda ya janye jiki. Wannan shi za ki rubuta, kuma yau, kafin ki tashi daga aiki. Ba a ce ki gano wanda ya yi ba, wannan aikin mai bincike ne.

Ki sa rana da ƙarfe nawa kika gani. Ki faɗi wane hannu, wane gefe, tabo nawa, girmansu da launinsu. In gidanku na da takardar nan mai zanen jikin mutum, ki sa alama a daidai wurin. Ki rubuta abin da ya yi da kika matso. Ki rubuta wa kika gaya wa, da ƙarfe nawa, da amsar da ta ba ki, da kalmominta. Kada ki rubuta "an dake shi", kada kuma ki rubuta "ya bugi ƙofa", domin duka biyun ba ki gani ba. Sannan a kai shi nas ko likita ya duba. Kula da lafiyarsa shi ne farko, takarda ta biyo baya.

A matsayina na ma'aikaciyar jinya zan ƙara da wannan: goshi, gwiwa, ƙwauri da gwiwar hannu su ne wuraren da mutum ya fi bugewa da kansa. Cikin damtse wuri ne a ɓoye, da wuya ƙofa ta kai can. Wannan bai tabbatar da laifin kowa ba, amma ya isa a bincika.

Auwal S.:
Ni aikin dare nake yi, kuma zan faɗi abin da wasu ba za su so ji ba. Kai kaɗai ne da mutum biyar ko shida. Wani ya tashi ƙarfe uku ya nufi matakala ido rabi a rufe, ka cafko hannunsa don kada ya gangara. Gobe shati ya fito. Jibi an ce ka zauna a gida ana bincike, abokan aiki suna kallonka kamar azzalumi. Ko an wanke ka daga baya, tabon yana nan. Shi ya sa nake ganin ya kamata Maman Ilham ta fara tambayar mutumin tukuna. Wataƙila akwai bayani mai sauƙi.

Sista Rabi:
Malam Auwal, na yarda aikin dare akwai wahala, na yi shi. Amma in ka cafko mutum don kada ya faɗi, wa ya kamata ya fara cike fom? Kai. A daren. Ka rubuta ya tashi ƙarfe kaza, ya nufi matakala, na riƙe damtsensa na dama, a duba wurin da safe. In ka yi haka, mai aikin safe za ta ga shati ta ga bayaninsa. Abin da ya sa wannan lamarin ya zama abin damuwa shi ne ga ciwo, babu rubutu.

Zancen ta je ta tambaye shi kuwa, a'a. In ba shi da laifi, tambayarta ba ta ƙara masa komai ba. In yana da shi, ta ba shi lokacin shirya labari, kuma wanda ba ya magana zai sake kwana a hannunsa.

Malam Bashir:
Na daɗe ina shugabantar irin waɗannan gidaje, bari in sa baki. Kusan ko'ina ana raba abubuwan da ke faruwa gida biyu. Akwai ƙanana da ake rubutawa a ajiye a cikin gida, ana bibiyarsu: ɗan tuntuɓe, ƙujewa, cacar baki tsakanin mazauna. Akwai manya da dole su fita waje zuwa hukuma cikin ƙayyadadden lokaci: mutuwa, mummunan rauni, ɓatan mutum, cin zarafi, sakaci, taɓa kuɗinsa, lalata da shi. Ciwon da ba a san asalinsa ba, a wuri irin wannan, a jikin wanda ba zai iya bayani ba, ba shugabar duti ce za ta yanke hukuncin cewa ƙarami ne ba.

Lokacin ya danganta da dokar inda mutum yake aiki, don haka kowa ya duba tasa. A Ostareliya, masu hidima da ke da rajista a ƙarƙashin NDIS, shirin gwamnati na tallafa wa masu naƙasa, dole su sanar da hukumar da ke sa musu ido cikin awa 24 da samun labari, kuma zargi kawai ya isa, ba sai an tabbatar ba. A jihar Ohio ta Amurka awa 4 ne ga abubuwa irin su cin zarafi da sakaci. A jihar New York, tun 2013 akwai hukuma ta musamman mai layin waya dare da rana, kuma nauyin kira yana wuyan shi ma'aikacin da ya gani. Gaya wa shugabanka bai sauke maka shi ba. Wani abin da ya kamata shugabar Maman Ilham ta sani: a dokar can, hana wani kai rahoto ko sa shi ya ja da baya, shi kansa ana lissafa shi cikin nau'o'in cin zarafi.

Malam Auwal, dakatarwa ba hukunci ba ce, raba mutum biyu ne har a gane gaskiya. Inda nake tare da kai shi ne yadda wasu wurare ke yinta: a bar mutum ba albashi, ba bayani, wata da watanni. Wannan zalunci ne, kuma shi ke koya wa ma'aikata rufa wa juna asiri.

Hajiya Larai:
Ni abin da ke damuna a nan shi ne haƙƙi. An hore mu da suturta ɗan'uwa. Ka zama sanadin raba mutum da hanyar abincinsa a kan zato, in ya zamana bai yi ba fa? Ina za ka kai alhakinsa?

Malam Nura:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, tsoron haƙƙi abu ne mai kyau. Sai dai haƙƙi biyu ne a nan, kuma ɗaya daga cikin masu shi ba ya iya buɗe baki ya nema. Suturar da aka kwaɗaitar da mu ita ce ta laifin da ya tsaya tsakanin mutum da Ubangijinsa. Cutar da wani ke ci gaba da sha ba ta shiga ciki. Malamai sun daɗe da bayyana cewa kai ƙarar zalunci wurin wanda zai iya kawar da shi ba giba ba ce. Kuma ba a ce ta ambaci sunan kowa da laifi ba. Za ta ce ga abin da na gani a jikin wanda aka ba ni amanarsa. Wannan shaida ce, ɓoye ta shi ne abin tsoro.

Hajiya Larai:
Na ji, Malam, kuma na karɓa. Amma dai a riƙa kiyaye harshe. Fom daban, zama a ɗakin hutu ana yaɗa cewa wane ya daki wane daban.

Malam Nura:
Wannan gaskiya ne, babu ja.

Baban Sadik:
Ni uba ne, ba ma'aikaci ba. Ɗana yana da galahanga da farfaɗiya, yana zuwa wata cibiya da rana. Wata rana ya dawo leɓensa a kumbure, rigar da ke jikinsa ba wadda ya fita da ita ba. Na tambaya aka ce ruwa ya zubar. Sai da aka kwana biyu wata ma'aikaciya ta ja ni gefe ta ce farfaɗiyar ce ta tashi, ya faɗo daga kujera. Ba dukansa aka yi ba, ba wanda ya yi mugunta. Tsoron faɗa kawai suka ji. Amma ku duba abin da shirun ya jawo: likitansa yana daidaita magani ne da yawan tashin ciwon, ni kuma na je na gaya masa wata guda bai tashi ba. Da bakina na ba likita labarin da ba daidai ba, saboda an ɓoye mini.

Ma'aikata, don Allah ku gane, yawancinmu iyaye ba neman wanda za mu kai kotu muke ba. Mun san 'ya'yanmu, mun san suna faɗuwa, a gida ma suna faɗuwa. Ɓoyewar ce ke kashe yarda.

A New York akwai dokar da ake kira Dokar Jonathan, ta 2007. Sunan wani yaro ne ɗan shekara 13 mai galahanga, Jonathan Carey, wanda ya rasu a shekarar bayan wani ma'aikaci ya danne shi a cikin mota. Tun kafin rasuwarsa iyayensa ke fafutukar a ba su takardun binciken abin da aka yi masa a wani wuri da ya zauna a baya, ana hana su. Dokar ta wajabta a kira iyaye ko mai riƙo ta waya cikin awa 24 in wani abu ya sami ɗansu, kuma ta ba su damar neman takardun bincike. Abin da ke sosa mini rai shi ne sai da aka rasa rai kafin a rubuta abin da hankali ma ya isa ya nuna.

Sista Rabi:
Allah ya ba Sadik lafiya, Baba. Abin da ka kawo shi ne ainihin dalilin da nake matsa wa sababbin ma'aikata a kan ƙananan abubuwa. A Ingila a 2013 wani matashi ɗan shekara 18, Connor Sparrowhawk, ya rasu a cikin bahon wanka a wani sashen asibiti da ke Oxford, farfaɗiya ta tashi masa ba kowa a kusa. Makonni kafin nan mahaifiyarsa ta ga ya ciji harshensa, ta gaya wa ma'aikata tana zaton ciwon ya tashi, ba a ɗauki maganarta da nauyin da ya dace ba. Binciken da aka yi ya ce mutuwar tasa abar kaucewa ce. Cizon harshe kawai. Da an ɗauke shi a matsayin alama an sake tsarin wankansa, da ba a bar shi shi kaɗai a cikin ruwa ba.

Haka ƙwarewa wurin cin abinci. Yau ya yi tari ya wuce, jibi ma haka, kowa na cewa ai ya saba. In an rubuta kowanne, a wata guda za a ga sau nawa ne, a kira mai duba haɗiya, a sauya laushin abincin. In ba a rubuta ba, ranar da za a sani ita ce ranar da ya shaƙe. Haka kuskuren magani: an tsallake na dare, ko an ba wani na wani. Ko bai yi masa komai ba a rubuta, domin a gano ko takardar maganin ce ke rikita mutane.

Ummi A.:
Duk na ji, amma ku faɗi ɗaya gefen. Na taɓa kai rahoton abokiyar aiki da ke yi wa wata baiwar Allah tsawa tana hana ta shayi in ta yi fitsari a kwance. Fom ɗin ya shige aljihun teburin manaja, shi ke nan. Ita tana nan, ni kuma aka rage mini kwanakin aiki, aka daina amsa gaisuwata. Mai kai rahoto shi ke kwana a ciki.

Malam Bashir:
Malama Ummi, abin da aka yi miki ba daidai ba ne, kuma ba ke kaɗai ba ce. Duk wanda ke wannan aiki ya kamata ya san labarin Winterbourne View, wani asibiti mai zaman kansa kusa da Bristol. Wani babban ma'aikacin jinya a wurin ya kai kuka ga shugabanninsa, ba a yi komai ba. Ya kai ga hukumar da ke duba asibitocin Ingila, ita ma ba ta bi ba. Sai da ya je wa BBC, aka shiga da ɓoyayyiyar kyamara, aka nuna wa duniya a 2011 yadda ake mari da danne marasa lafiya ana watsa musu ruwan sanyi. Ma'aikata 11 suka amsa laifi, aka ɗaure 6.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da bincike ya tono daga baya. Ba rahoto ne babu ba. Mazauna wurin sun je sashen gaggawa na asibiti sama da sau 70 cikin 'yan shekaru. 'Yan sanda sun sami labari sau 29. Ƙaramar hukuma ta karɓi ƙorafi 40. Kowa na riƙe da guntunsa, ba wanda ya haɗa su wuri guda ya ce me ke faruwa a gidan nan. Shi ya sa nake gaya wa 'yan'uwana shugabanni cewa rabin aikin rahoto namu ne. Ma'aikaci ya rubuta, kai kuma ka zauna duk wata ka baje takardun: wa ke yawan jin ciwo, a wane lokaci, a dutin wa, a wane ɗaki. Kuma ka koma wa wanda ya rubuta ka gaya masa abin da aka yi. In mutum ya rubuta sau uku bai ji komai ba, na huɗu ba zai rubuta ba.

Ga mai tsoron ramuwa: ki riƙe wa kanki rana da lokacin da kika miƙa rahoto, da wanda ya karɓa, da lambar rahoton in ana bayarwa. Ki san hukumar waje da ke da hurumi a kan wurin aikinki tun kafin buƙatarta ta taso. Ƙasashe da dama na da dokar kare mai fallasa, Birtaniya tun 1998 take da tata. Ba zan ce doka na hana a ɗaure miki fuska ba, amma tana ba ki abin riƙewa in an taɓa aikinki.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai. Na cike fom ɗin yadda Sista ta ce, na miƙa wa manajan da ke sama da shugabata, na kuma kira layin hukuma aka ba ni lamba. Nas ta duba shi. Tambaya ɗaya: na so in ɗauki hoton wurin da wayata, sai na fasa. Na yi daidai?

Sista Rabi:
Kin yi daidai. Jikinsa ne, sirrinsa ne. In ana buƙatar hoto, da na'urar wurin aiki ake ɗauka bisa ƙa'idarsu, bayan an nemi yardarsa gwargwadon yadda zai iya nunawa. Kada kuma a manta da shi kansa a binciken. Rashin magana ba rashin bayani ba ne. Wani da hotuna yake nunawa, wani da alamar hannu, wani kuma sai wanda ya san shi sosai ya lura wa yake gudu, wane ɗaki ya daina shiga. Amma a bar wa wanda aka horar ya tambaye shi. In kowa ya zo yana cewa "wane ne ya dake ka ko?", da yawansu za su gyaɗa kai don su faranta wa mai tambaya, shaidar ta lalace.

Auwal S.:
To na sauko daga maganar a fara tambayar ma'aikacin. Amma ga wata da ba wanda ya taɓo. Akwai abubuwan da ake yi kullum, ba mai ɗaukar su abin rahoto. A kulle ƙofar kicin. A ja kujera a tare mutum a lungu. A ba shi ƙwayar kwantar da hankali tun ƙarfe bakwai don dare ya yi sauƙi. Ba shati, ba jini. Wa zai cike fom a kan abin da shugaba da kansa ya ce a yi?

Malam Bashir:
Ka taɓo babbar magana. A Ostareliya sun kasa irin wannan takurawa gida biyar: killace mutum shi kaɗai, ba shi magani don sarrafa halinsa, ɗaure shi da wani abu, riƙe shi da ƙarfi, da hana shi kaiwa ga wani wuri ko kayansa. In an yi ɗaya ba tare da izini da rubutaccen tsarin kula da halinsa ba, dole a sanar da hukuma cikin kwanakin aiki 5, in kuma ya ji ciwo ya koma awa 24. Umarnin shugaba ba izini ba ne. Tambayar da za ka yi ita ce: nuna mini inda aka rubuta wannan a tsarinsa, wa ya sa hannu, yaushe za a sake dubawa. In ƙwayar ta "in buƙata ta taso" ce, kowane bayarwa sai an rubuta dalili da abin da aka gwada kafin a kai ga ita. Ka ga ana ba da ita kullum a lokaci guda, ka san ba buƙatarsa ake bi ba.

Baban Sadik:
Malam Bashir, mu iyaye fa? In zan zaɓar wa ɗana wuri, sai in nemi wanda rahotonsa ya fi kaɗan?

Malam Bashir:
A'a Baba, ni wurin da ya ce mini shekara guda ba abin da ya faru shi nake tsoro. Mutane masu farfaɗiya da matsalar haɗiya da rashin daidaiton tafiya suna zaune wuri guda, dole a sami abin rubutawa. A Amurka ofishin babban mai bincike na ma'aikatar lafiya ya gwada wata dabara a jihohin Connecticut da Massachusetts a 2016, da Maine a 2017. Suka ɗauko takardun kuɗin da Medicaid, shirin gwamnati na biya wa marasa ƙarfi kuɗin jinya, ya biya na kai mazauna irin waɗannan gidaje sashen gaggawa, suka gwama da rahotannin da aka kai wa hukuma. Sai ga raunuka masu yawa da asibiti ya gani, hukuma ba ta da labarinsu, ko tana da shi ba ta bi ba.

Kai ma za ka iya yin irin wannan daidai ƙarfinka. Ka tambaye su cikin awa nawa suke kiran iyaye, wa ke karanta rahotanni, wace hukuma ta waje suke kai wa, kuma me suka sauya a bara sanadin wani rahoto. Sannan ka ajiye littafinka a gida. Duk ranar da Sadik ya dawo da ciwo, ko da wata riga, ko ya ƙi cin abinci, ka rubuta. In an zo zaman bitar tsarin kula da shi, ka nemi a kawo nasu rubutun a ajiye kusa da naka, a bi rana bayan rana.